Nusaiba, Gargaɗi Ɗaya Ya Rage Wa Shafin Shinkafarmu

Assalamu alaikum jama'ar shafin nan, masu sayen shinkafa da masu tambayar "nawa tiya" su ɓace ba a ƙara jin ɗuriyarsu, duk ina gaishe ku. Ya gida, ya yara, ya muka ji da zafin nan? Yau ba talla na zo ba. Wata yarinya ce a gidan nan take ninke kaya tun jiya tana wani yauƙi, wai ita 'yar birni za ta zama. Ba zan kama suna ba. Doguwa ce dai, kuma ita ce mai ce muku ku danna alamar zuciya in ina laif. To na kama, Nusaiba ce. In na zaunar da ita zan yi mata magana sai ta ce "to Anti" alhali idonta yana kan waya, amma duk abin da na ɗora a nan sai ta karanta shi tas, har komen ɗin mutane. Shi ya sa na ce bari in biyo mata ta inda take ji. Ku yi haƙuri da tsayin, ku yi haƙuri da rubutun, kun san a aji uku na sakandare na tsaya.

Zuwa ga 'yata Nusaiba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Kano lafiya gobe, Ya tsare miki hanya, Ya haɗa ki da abokan zama na gari a makarantar nan ta koyon aikin asibiti, Ya sa ki fito da abin da kika je nema. Amin.

Ban haife ki ba, kowa ya sani. Amma ranar da aka kawo ni gidan Abban Amir, mahaifiyarki Yaya Binta ta kamo hannunki kina 'yar mitsitsiya da majina ta sa a nawa ta ce, "Ga 'yar taya hira nan, na ba ki." Don haka in na ce 'yata ba aro na yi ba.

Yau na kasa zama. Na juya shanyar shinkafa, na dawo na sake juyawa alhali ba ta nemi juyi ba. Na kori kaji, na kori akuyar maƙwabta, na ɗora ruwan zafi na manta me zan yi da shi. Abban Amir ya leƙo ya ce, "Sadiya, wai ke za a kai makarantar ne?" Tafiyarki tana ciki, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar da kika yi shekaranjiya. Kika ce in ba ki lambar sirrin shafin nan, tunda a Kano sabis ya fi ƙarfi, duk Asabar ki riƙa yin laif daga shagon Kawu Sani inda muke ajiye buhuna, 'yan birni su gani su saya. Magana ce mai kyau, wallahi na ji daɗinta. Sai kika ƙara da cewa, "Kuma zan gyara miki shi Anti, don laif ɗinki kamar zaman makoki, ba kiɗa ba komai."

Wannan gyaran shi ya hana ni sukuni.

Nusaiba, shafin nan gargaɗi biyu ne a kansa. Masu manhajar sun rubuto min cewa in aka ƙara, suna iya rufe shi gaba ɗaya. Kuma kin san ba nawa ba ne ni kaɗai, suna ne kawai nawa. Matan da suke turara shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a tsakar gidan nan, da masu tsince tsakuwa, da Gwaggo Tasalla da take tsaye a kan tukwane, duk a kansa suke ci. In ya tafi, mutanen Jos da Gombe da Legas da suke aiko mana ba su san hanyar Kura ba, shafin suka sani. Lokacin da abubuwan nan suka faru kina makarantar kwana, in kin zo hutu kuma ba na son ɓata miki rai. To yau zan gaya miki yadda na jawo su.

Na farko, farkon fara laif ɗina ne. Akwai wata waƙar biki da ake yayi a lokacin, ko ina ita ce, har a injin casa. Na je kasuwa wajen masu tura waƙoƙi aka zuba min ita a memori, na dawo na jona 'yar sifika na ƙure. Na ga mutane suna rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyonsu, ni ma na rubuta, na ce shi ke nan na fita. Ina cikin ɗebo shinkafa ina nuna wa mutane, ina zuba surutu, sai na ga komen yana ta shigowa: ba ma ji, ba ma ji, Anti bakinki kawai ke motsi. Na ce sabis ne. Na hau kan buhu. Ba ma ji. Na hau kan buhu biyu ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata, zanina yana neman kwancewa, mata suna ta dariya a ƙasa. Ashe masu manhajar ne suka kashe min murya daga can. Da na sauko ga saƙo yana jirana.

Har faɗa na yi da wayar. Na ce ai saya na yi, na biya! Abban Amir ya ce, "Ladan turawa kika biya, mai waƙar ya ga ko sisi?" Na ce to ai na rubuta ba tawa ba ce. Ya ce, "To gobe ki shiga gonar albasar wani ki tuge, ki kafa allo ki rubuta wannan albasar ba tawa ba ce, ki wuce da ita kasuwa, mu ga ko za a ƙyale ki." Na ji haushinsa har na hana shi ƙarin tuwo, amma gaskiya ya faɗa.

Don haka 'yata, jin waƙa a ɗakinki daban, tallar shinkafa da ita a gaban duniya daban. Wancan rubutun ba ya wanke kowa. Kuma za ki haɗu da masu ce miki ki ƙara mata sauri ko ki sirantar da muryar, wai ba za a gane ba. Wata ƙawata ta yi, an gane. Ko da ba a gane ba ma, mutumin nan ya zauna ya tsara abinsa, shi ma da ita yake ciyar da gidansa kamar yadda muke ci da shinkafa.

Na biyu bai jawo min gargaɗi ba, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan na bar waƙar mutane sai na samo wata manhaja mai maɓallai: wannan tafi, wannan dariya, wannan guɗa, wannan ƙarar ƙararrawa. Kai, na haukace a kanta. Wani ya ce sannu, tafi. Kaza ta wuce, dariya. In an yi ciniki kuwa sai in saki guɗa, ayyururui, har matan tsakar gida su taya. Akwai wata Hajiya a Gombe, tana cikin waɗanda suka fara yarda da ni tun ba ni da kowa. Rannan ta rubuto dogon komen, idona ya faɗa kan "buhu biyu da gaggawa", ban tsaya karanta sauran ba na danna guɗa. Na ƙara da tafi. Sai na ga komen ya tsaya cak. Wata ta rubuto, "Anti ki karanta da kyau." Nusaiba, mahaifiyar Hajiyar ce ta rasu, shinkafar sadaka take nema.

Na kashe laif ɗin. Na kira ta ba ta ɗauka ba. Da ta ɗauka daga baya ta ce, "Ba komai Sadiya, na san ba da gangan ba ne." Ta karɓi ta'aziyyata, ta karɓi shinkafar. Amma ba ta ƙara shigowa laif ɗina ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ki karanta magana har ƙarshenta kafin yatsanki ya taɓa komai. Maɓallan nan kamar gishiri ne a miya, ɗan kaɗan ake sawa. Duk sautin da za ki sa, ya zauna a ƙarƙashin muryarki, don mai saye so yake ya ji ko akwai tsakuwa, ko ta bana ce, ko tana tashi a tukunya. Kafin ki buɗe wa mutane, ki ɗauki ɗan gwaji ki sa abin kunne ki saurara da kanki. In kuma aka kira salla, ki kashe komai ki yi shiru har a gama, kar ki ce ai saura kaɗan.

Na uku shi ne gargaɗi na biyu, kuma shi ya fi ba ni takaici don a ganina na bi hanya. Na ce tunda ta mutane ba ta halatta ba, bari a yi min tawa. Na je wajen wani mai situdiyo a nan cikin Kura, muka yi ciniki, ya yi min 'yar waƙar buɗe laif, har da sunana a ciki, wai shinkafar Anti Sadiya ba tsakuwa ba ƙura. Daɗi kamar me. Amir har rawa yake yi. Ba a jima ba saƙo ya sake shigowa. Na ɗauki mayafi na hau adaidaita na same shi. Na ce, "Malam, ba kai ka yi min waƙar nan ba?" Ya ce, "Ni na rera mana." Na ce kiɗan fa? Ya sosa ƙeya ya ce, "Anti, kiɗan a waya na samo shi, ai kowa can yake ɗauka." Na ce, "Kowa ne zai buɗe min shafi in an rufe?" Ya ce in yi haƙuri. Haƙurin dai na kwaso na dawo gida.

In za a yi miki waƙa, ki tambaya: muryar ta wa, kiɗan na wa? Ya faɗa da bakinsa a saƙon murya cewa shi ya buga, kuma ya yarda ki yi talla da ita, ki ajiye saƙon. In ba haka ba, ita kanta manhajar tana da rumbun sautukan da ta yarda a sa. Amma ko a can ki lura, akwai ɓangaren masu wasa, akwai na 'yan kasuwa, mu namu na 'yan kasuwa ne. Ke da kike jin Turanci, ki karanta ƙananan rubutun nan da ni nake tsallakewa.

Bari in je in duba tukunya, ina jin ƙauri.

Na dawo, ba komai, buntu ne ya kama. To ga na huɗun, wanda ba manhaja a ciki, ba Bature, ba saƙo, amma ya fi duk sauran ciwo.

Kin san Gwaggo Tasalla in aiki ya yi zafi ba ta iya shiru. Tana juya shanshera a tukunya tana waƙa, matan suna amsawa, kuma a take take ƙirƙiro ta, duk wanda ya shigo ranta sai ya shiga waƙa. A wancan ranin an yi ta rigimar rabon ruwa. Akwai wani dattijo da gonarsa take sama da ta ɗanta a bakin kanal, in ranar ruwan na ƙasa ta zo sai ya jera buhunan ƙasa ya karkatar da shi gonarsa, ya ce ai bai gama ba. Kowa ya sani, ba mai iya faɗa masa, don surukin Gwaggo ne, 'yarsa ɗanta yake aure. Rannan Gwaggo ta saka shi a waƙa. Ba ta kama suna ba, amma ta ambaci hularsa, ta ambaci tafiyarsa, ta ce ko kwaɗo sai ya nemi izininsa kafin ya yi wanka. Mata suka faɗi ƙasa don dariya. Ni kuma ina laif a gefe. Na ce a raina, yauwa, ga waƙar da ba mai ce min tasa ce. Na juya wayar na matsa kusa.

Mutane suka yi ta turo zuciya, ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Na kwana ina murna. Kafin azahar ɗin washegari an yanko wurin, yana yawo a wayoyin samari daga nan har Bunkure. A majalisa aka kunna wa dattijon, a gaban sa'o'insa.

Abin da yake wasan tsakar gida, wanda in an tashi aiki an bar shi a nan, ni na fitar da shi titi. Dattijon ya ce tunda abin ya zama haka, ɗan Gwaggo ba zai ga ruwa ba. Albasar ɗan Gwaggo ta yi kwanaki tana jiran ruwa har ganyenta ya kwanta. Matarsa ta rasa inda za ta sa kanta, nan uba, nan uwar miji. Sai da magana ta je gaban mai unguwa aka zauna aka sasanta.

Gwaggo ta daina zuwa aiki. Muka je ni da Abban Amir, na durƙusa na ce ta yafe min, ban san zai kai haka ba. Ta daɗe tana tsince wake ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Sadiya, muryar nan tawa ce ko taki?" Na ce taki ce Gwaggo. Ta ce, "To yaushe na ba ki aro?" Ta ce, "Ni na san wa nake yi wa waƙa. Na ga fuskokinsu, na san wa zai kai gaba, na san wa zai bari a nan. Su waɗancan na cikin wayarki kin san su?"

Ta dawo aiki daga baya, amma ta daɗe ba ta buɗe baki ba. Tsakar gidan nan ya yi tsit, sai ƙarar itace. Ranar da ta sake waƙa, ita ta kira ni da kanta ta ce, "Kawo abar taki. Wannan ta yabon manoma ce, ba kowa a ciki. Ita kaɗai na ba ki, kuma ki kunna min in ji kafin ki saka." Ita ce wadda kike ji ina buɗe laif da ita, wadda kike cewa ta tsofaffi ce.

Ki riƙe wannan fiye da komai: ba sai wanda ya shiga situdiyo ne yake da haƙƙi ba. Tsohuwa a bakin murhu tana da shi. Mai tallar da ya wuce yana rera abinsa yana da shi. 'Yan ɗakinku a makaranta in suna hira ko suna waƙa, kar ki juya musu waya sai kin tambaya, kuma ki gaya musu inda zai je.

Sauran abin da kike kira zaman makoki kuwa, ni na ɗauko su da hannuna. Ƙarar ruwa in an buɗe ƙofar kanal da safe. Gwangwanayen da ake jerawa a igiya ana kaɗawa don korar tsuntsayen jan-baki. Ƙarar shinkafa in tana zuba a tiya, wadda mai saye yana ji ya san ta bushe. Ba mai aiko min saƙo a kansu. Kuma akwai wata mata a Legas, 'yar Bunkure ce aure ya kai ta, ta ce ita ba don shinkafa take shigowa ba, don ruwan nan take shigowa, ta sa a kunne tana wanke-wanke. Ƙarshe dai ita ma ta saya.

Abin da yake ƙara tayar min da hankali shi ne shagon Kawu Sani. Na san wurin. Ga mai cajin waya a gefe da sifika kamar akwatin aure, ga 'yan adaidaita suna tsayawa da kiɗa a ƙure. Abin da yake sauraro a cikin manhajar bai san ba ke kika kunna ba, shi dai ya ji waƙa a laif ɗinmu. In za ki yi, ki shige can ciki bayan buhuna ki janyo ƙofa. Ki gaisa da mai cajin tun farko, ki roƙe shi ya rage na ɗan lokaci, in ya ƙi ki haƙura da laif ɗin ranar. In kina ciki kika ji waƙa ta taso, ki kashe makirfon, ki ɗaga wa mutane hannu su jira. Ba wanda zai gudu don an yi shiru kaɗan.

Na yi ta juya maganar. Da safe na ce ba zan ba ki ba, ki buɗe naki ki yi ta kiɗanki. Da hantsi na ce to in ban yarda da ke ba, da wa zan yarda? Kin fi ni karatu, kin fi ni sanin wayar, hankalinki ma ya fi nawa lokacin da na hau buhu. Zan ba ki. Amma akwai abin da ba ni da ikon ba ki. Waƙar Gwaggo ni ta ba wa, a tsakar gidan nan, Kano ba ta cikin maganar. In kina son buɗe laif da ita a can, ki je da ƙafarki ki tambaye ta. In ta ce a'a, a'a ce, ki buɗe da sallama kawai.

Allah Ya tsare min ke, Nusaiba. Ya tsare idonki da kunnenki da yatsanki. Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin waya. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira Yaya Binta ko ba ki kira ni ba. Allah Ya dawo min da ke lafiya, Ya sa in ga ranar da za ki sa fararen kaya. Amin summa amin.

Taki har kullum,
Antinki Sadiya

Ƙari: jama'a, ta karanta. Ina zaune a bakin shanya ta fito idonta ja, ta zari mayafi ta fice. Na leƙa ta zaure na ga ta nufi lungun su Gwaggo. Na shiga na fita, na shiga na fita, har Abban Amir ya ce in zauna kar in haƙa masa rami a ƙofar ɗaki. Yanzu ta dawo. Wai Gwaggo ta sa ta zauna ta tsince mata wake tukuna, sannan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: kar a kuskura a ɗora muryarta a kan shinkafar da ba ta fito daga tukunyar gidan nan ba, ko da Kawu Sani ne ya kawo. Nusaiba ta ce ta ɗauka. Na jawo ta na raɗa mata lambar a kunne, ta maimaita min.

To ku fa 'yan uwa? Wa aka taɓa kashe wa murya yana tsaka da zuba? Wa ya taɓa danna abin da bai kamata ba, ko ya saki muryar wani bai tambaya ba? Ku faɗa mana a komen yadda kuka yi, kar ku bar ni ni kaɗai a kan buhu. In kuma akwai abin da na manta ban gaya mata ba, ku rubuta yanzu, motar safe za ta bi.